Kowa Na Son Riƙe Tuta

Ranar Talatar nan aka sake kiran taron rabon aiki a ƙungiyarmu ta masu wasan mota a nan Maiduguri, aka kuma tashi ba a raba komai ba sai lemo. Aikin ma bai taka kara ya karya ba: tsofaffin tayoyin shata hanya, tankar ruwan kwantar da ƙura, igiyar tare 'yan kallo, da takardar neman izinin hukuma. Da Shugaba ya ce, "Wa zai kwaso tayoyi daga Baga Road?" sai kowa ya tuna da wani saƙo mai muhimmanci a wayarsa. Wani Alhaji ya ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe, muna tare," ya mayar da kai. Tun bara yake tare da mu, taya ko ɗaya ba ta san tafin hannunsa ba.

Sai aka zo kan tuta, wannan ƙyallen mai zanen dara baƙi da fari da ake kaɗa wa wanda ya zo na ɗaya. Jama'a, ashe duk muna da hannuwa! Har mai ciwon kafaɗar da ta hana shi ɗaukar jarka ya warke nan take. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, a gefen mai tuta mai ɗaukar bidiyo yake tsayawa. Don gudun ɓacin rai aka kafa Kwamitin Tuta. Yanzu akwai mai kaɗa ta, da mataimakinsa ko da hannu zai gaji, da mai riƙe sandar kafin a ɗaura ƙyallen, da mai kai ta guga, da wani dattijo da aka naɗa uban tuta saboda ya taɓa ganin tseren motocin bikin kamun kifi na Argungu da idonsa. An shafe lokaci daga La'asar zuwa Magariba ana gardamar ko daga dama ake fara kaɗawa, tunda dama ce Sunna. Tutar kanta tana wurin tela a Kasuwar Monday, ba a biya kuɗin ɗinki ba, domin Ma'aji ya ce wannan hurumin Sakataren Kuɗi ne, shi kuma ya ce yana hanya.

Akwai kuma gwaninmu na tarihi, wanda ba ya buɗe baki sai ya ambaci tseren Dakar, yadda motoci ke ratsa Agadas a da. Yaya, an soke na 2008, tseren ya bar Afirka, tun 2020 ma a Saudiyya ake yinsa. Ka zo mu ɗauki taya.

Ni kam ban ma san me ya sa muke wahalar neman direbobi ba. Tun da gwamnatin Kashim Shettima ta hana hawa babur a Maiduguri da Jere a Yulin 2011, duk gwanintar 'yan acaɓa ta koma cikin Keke Napep. Ka tsaya a Post Office da yamma ka ga yadda mai keke ke kutsawa tsakanin tirela da kwata, da fasinja huɗu da buhun gawayi, yana amsa waya, yana kuma ba da canji. Ba shi da uban ƙungiya, ba shi da kwamiti. Da za mu sa shi a gasarmu, da ya cinye kofin ya dawo ya ɗauki 'yan kallo zuwa Bulumkutu.

Amma maganar igiya ba ta dariya ba ce. Inda mota ke juyi, yara ke cika wurin, almajirai da 'yan talla a sahun gaba, kuma har aka shafa Fatiha babu mutum ɗaya da ya ce shi zai tsaya a rana ya tare su. Babu wanda ya tambayi akwatin magani, balle motar asibiti. A garin nan ne fa, da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, samari suka shiga ruwa har wuya suna fito da tsofaffi daga Gwange da Gamboru, ba wanda ya jira a ba shi muƙami. Yau an ce a riƙe igiya na awa biyu, an koma kallon silin.

Shugaba, idan ba a sami masu igiya ba kafin Juma'a, a ɗage wasan. Masu tuta su je su biya tela.