Ijtihadina a Kan Allon da Ya Yi Shiru

Allon madannai da nake buga rubutu da shi, wanda babban ɗana ya aiko mini daga Abuja shekara biyu da suka wuce domin, a cewarsa, wayoyin da ke kan teburina sun fara kama da saƙar gizo, ba shi da igiya ko ɗaya da ta haɗa shi da kwamfuta. Wasilar da ke tsakaninsu wani ɗan ƙarfe ne da bai fi farcen babban yatsa ba, wanda ake cusawa a kafar USB, shi kuma allon yana aika masa haruffa ta iska a kan zangon rediyo na gigahaz 2.4, da ƙarfin ƙananan batura biyu irin waɗanda ake kira AAA, kowanne bolt 1.5. Na kawo wannan bayani tun da farko ne domin mai karatu ya tabbata cewa abin da ya same ni ba don jahilci ya same ni ba. Da ilmina ya same ni.

Ranar wata Alhamis, bayan Azahar, ina tsakiyar tsara jawabin da zan karanta ran Asabar a taron tsofaffin ɗaliban makarantarmu, sai allon ya soma haɗiye haruffa, har na duba na ga inda na rubuta manyan baƙi masu girma ya fito manyan baƙi masu gira, wanda ko da yake gaskiya ne, ba shi ne maƙasudina ba. Na gane alamar nan take. Na taka da kaina zuwa shagon bakin layinmu na sayo batura biyu irin na ciki sak, na kife allon, na fitar da tsofaffin na ajiye a kan tebur, na ɓare sababbin na ajiye kusa da su, kuma daidai wannan lokaci ladan ya kira La'asar. Da na dawo daga masallaci na ɗauki biyu na saka, biyun da suka rage kuwa na miƙa wa jikata, 'yar shekara takwas, wadda nake kira Amarya tana kirana Angona, domin ta kwana uku tana damuna da cewa motar wasanta mai jiniya ta daina kuka. Na ce a raina, matacce ya tafi wurin matacciya.

Na zauna, na yi bisimilla, na danna harafi. Shiru. Ita kuma kwamfutar, da ta ga an bar ta, ta yi barci ta farka tana neman kalmar sirri, alhali kuwa babu hanyar ba ta sai ta bakin wanda ya ƙi magana.

A nan ne na tattara hankalina na bi mas'alar bi da bi, kamar yadda aka koya mana a gaban malamai cewa ba a yanke hukunci sai an gano illa. Na fara da fuskantar baturan, na tabbatar cewa gefen da ke da ɗan tsiro yana wajen alamar tarawa, shafaffen gefen kuma yana kan ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa. Da na ga daidai suke, sai na juya su duk da haka, don kada a ce akwai ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba, sa'an nan na mayar da su. Na zare ɗan ƙarfen USB na hure shi, na sauya masa kafa, na matso da allon har ya dafa kwamfutar, na danna duk wani maɓalli da ke bayansa, na tura duk abin da ke turuwa. Daga nan na koma ga ilmin magabata. Mu da muka tashi a zamanin da ake kewaye akwatin rediyo ana sauraron Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara tun 1957, mun san cewa batir idan ya raunana akan shanya shi a rana, in ya ƙi a ɗan cije shi. To amma rana ta riga ta yi sanyi, kuma haƙorin da ya ciji batir a ƙuruciya ba shi ne a bakina yanzu ba, kamar yadda wani turmi na hagu ya sanar da ni cikin gaggawa. Duk wannan kuwa ina yinsa ne cikin azabar jiniya, domin motar Amarya tana zagaya tsakar gida tana kuka kamar an ɗauko gwamna, har sau biyu ina leƙawa ina cewa a rage mini hayaniya ina tunani.

Na kira ɗana. Tambayarsa ta farko ita ce, “Baba, kun duba batir kuwa?” Na tuna masa, cikin natsuwar da na iya samu, wanda ya biya masa kuɗin makaranta. Ya ba da haƙuri, ya nuna mini wata alama a kusurwar fuskar kwamfutar da ke fito da hoton allo, inda mutum zai riƙa tsintar haruffa ɗaya ɗaya da linzami kamar kaza a kan tsaba. Da haka na shiga, bayan kuskure uku, na kuma lissafa cewa da wannan tafiya jawabin Asabar zai kammala wajen Babbar Salla.

Saboda haka na yi ƙiyasi. Allo lafiyarsa ƙalau da hantsi, babu abin da ya shigo tsakani sai batura, batura kuwa daga shago suka fito. Ashe illar tana wurin mai shago. Bayan Magariba na sa babbar riga, domin nasiha tana bukatar kwarjini, na je na same shi a gaban mutane huɗu da ke jiran canji, na yi masa bayani mai tsawo a kan algus da ha'inci a ciniki da abin da malaman fiƙihu suka faɗa game da sayar da abu mai aibi ba tare da bayyanawa ba. Yaron, wanda na san mahaifinsa, ya karɓi baturan hannu biyu, ya saka su a wata 'yar tocila, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ya dubi shaidar haƙori a jikin ɗaya, ya dube ni, ladabi ya hana shi tambaya. Ya ce, “Allah gafarta Malam, wallahi yadda aka kawo mini na sayar, amma a yafe ni.” Ya ba ni wasu biyu, ya rantse ba zai karɓi ko kwabo ba. Na dawo gida ina tafiyar wanda hujjarsa ta yi rinjaye.

Na saka su. Shiru.

Ina zaune na yi tagumi, na fara tunanin ko dai sammu yana kama na'ura, sai Amarya ta shigo rungume da motarta, ta dubi allon, ta kife shi, ta sa farce ta tura wani ɗan maɓalli da ni da kaina na tura ɗazu cikin bincikena, sai ga koriyar fitila ta kama. Ta ce, “Angona, ai a kashe yake.” Na danna harafi, ya fito; na danna girma, ta fito da mim ɗinta cif. Na buɗe baki zan yi mata bayanin cewa wannan illa ta biyu ce, ta farkon tana wurin mai shago, sai Hajiya, wadda ke tsaye bakin ƙofa da kwanon tuwo, ta ce, “Malam, ni dai abin da ya ba ni mamaki, matattun baturan nan da ka ba yarinya tun La'asar suke kuka ba su gaji ba.”

Na daɗe ina duban motar. Na nemi a buɗe mini cikinta, Amarya ta ƙi, ta ce kyauta ba ta komawa, kuma ma ta lissafa su cikin sadakinta.

Da asuba na yi niyyar biyawa ta shagon in biya kuɗin batura biyu in kuma warware fatawar jiya a asirce, amma na tarar da shi a rufe. Maƙwabcinsa mai shayi ya gaishe ni da girmamawar da bai taɓa yi mini ba, ya ce ai yaron ya yi sammako zuwa kasuwar Sabon Gari da katan ɗin baturan gaba ɗaya a kan babur, zai mayar wa dilan da ya sayar masa, kuma ya ce zai maimaita masa nasihar Malam kalma da kalma.