Mazhabobin Mutanen Warra a Kan Mas'alar Zare

A cikin kayan ɗakin da ake jere wa amarya a ƙasar Yawuri, tun daga Shanga da Yelwa har ya gangaro Warra, hedkwatar Ngaski da ke bakin tafkin Kainji, babu abin da ya kai keken ɗinki daraja ga wanda Allah ya hore wa kuɗinsa, babu kuma abin da ya kai shi tona asirin ɗabi'un mutane, musamman a goman ƙarshe na azumi, sa'ad da yadi ya taru, yara suka tsaya a kai suna jiran rigunan salla, sai zare ya ƙi.

Asalin mas'alar mai sauƙi ne. Tun shekarar 1846 da Elias Howe ya karɓi takardar haƙƙin ƙirƙirar kekensa a Amurka, ɗinkin keke da zare biyu ake yinsa, ɗaya ya sauko daga sama ta kafar allura, ɗaya ya fito daga kwarkwaron da ke kwance cikin ƙoshiya a ƙasa, su sarƙe, ƙullinsu ya ɓuya a tsakiyar yadi. In na sama ya yi sako-sako sai a ga zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, in ya faye tsauri sai ya jawo na ƙasa ya fito fili, in kuwa duka biyun suka yi tsauri sai yadin ya tattare. Ilmin ke nan, bai cika allo guda ba, amma an yi saɓani a kansa har aka sami mazhabobi.

Mafi yawan mabiya su ne ma'abota murɗi, waɗanda hujjarsu ita ce duk inda aka ga ɓarna nan mai laifi yake. Da ɗayarsu ta juya yadi ta ga cukurkuɗe a ƙasa, sai ta yanke wa ƙoshiya hukunci ba tare da shaida ba, ta zaro ta, ta sa tsinin wuƙa a kan ɗan notin nan da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ta murɗa dama, ta murɗa hagu, alhali laifin yana can sama, inda zare ya zame daga tsakanin 'yan faya-fayen nan biyu masu matse shi. Ba ta fasawa sai notin ya fice ya faɗa cikin rairayin tsakar gida, daga nan kuma aiki ya koma na jama'a: a kira yara, a kunna tocilan, a ɗauko rariya a yi ta tankaɗe ƙasa har a kira sallar isha'i. Wannan noti, in ma taɓa shi ya zama wajibi, rubu'in juyi ne haddinsa, amma ban taɓa jin wani daga cikin wannan mazhaba ya tsaya a rubu'i ba.

Kusa da su akwai masu itiƙadin cewa babu cutar ƙarfe da mai ba ya magani. In man keke ya ƙare sai a yi ƙiyasi a zuba man gyaɗa, in babu sai manja, wani gidan ma har baƙin man injin jirgin ruwa akan ɗebo daga bakin tafki. Man girki kuwa daskarewa yake yi, ya kama ƙurar hunturu da burbushin zare ya zama danƙo, faya-fayen zare kuma tun farko ba wurin mai ba ne, saboda haka abin da ake samu shi ne farar shadda mai ɗigon tabo tun daga wuya har ƙasa.

Sai masu tuhuma, waɗanda ba su yarda da sababi na zahiri ba. Uwargida ta dubi ɗinki, ta dubi ƙofar ɗakin amarya, ta ce da 'yarta, "Ke, wa ya shigo ɗakin nan jiya da na tafi suna?" Yarinya ta ce, "Wallahi Inna, ba kowa." Sai ta girgiza kai ta ce ai dama ta sani, tun ranar da maƙwabciya ta yaba keken bai sake ɗinki mai kyau ba. A yi turare, a yi tofi, a ɗaura wa keke laya a wuya, shi kuwa ɗan autan da ya wuni yana wasa da makullin zare yana zaune a gefe yana shan kunu, ba wanda ya tambaye shi.

Akwai kuma dattijuwa ma'abociyar tarihi, wadda ba ta duba ɗinkin da aka kawo mata sai ta fara duba sunan keken. In ta ga Butterfly, ɗan birnin Shanghai, sai ta taɓe baki ta ce zamani ya lalace, domin nata Singer ne na Birtaniya, kuma a cewarta cikin kwalekwale ya ƙetaro lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tashi dubban Gungawa da maƙwabtansu zuwa sababbin matsugunai, bai kuwa taɓa tsinke mata zare ba. Ba a musu da manya, shi ya sa ba mai gaya mata cewa masana'antar Singer ta Clydebank da ke can Birtaniya an rufe ta tun 1980, kuma baƙin Butterfly ɗin da take rainawa a kan ƙirar Singer aka yi shi, har ma nata keken ya yi shekara da shekaru a lulluɓe, an ɗora masa kwanonin tasa.

Maigida, wanda bai taɓa zura zare a allura ba, shi ne muftin gida. Da yake ya iya gyaran koma, yana ganin duk abin da ya shafi zare yana ƙarƙashin fatawarsa, fatawar kuwa guda ce kullum: "Ki ƙara ɗaurewa."

Na fi jin tsoron ma'abociyar tawakkali, wadda ta ga ɗinki yana tsalle, ta ce ai ciki ne, ba mai gani, ta ci gaba da taka keke har ta gama. Wandon da ta ɗinka yakan yi kyau a ido, yakan kuma jure tafiya zuwa filin idi da tsayuwar sahu, sai liman ya yi kabbarar ruku'u, sa'an nan sahun baya su shaida abin da ta ɓoye.

Wanda ya san haƙiƙanin al'amarin shi ne mai gyara, da ke yawo da jakarsa a bayan babur. Shi ya san a ɗaga ƙafar da ke danne yadi kafin a zura zare, domin ɗagawar ce ke buɗe faya-fayen zaren ya shiga tsakaninsu. Ya san a share ƙura da ɗan ƙyalle, a sake allurar da ta lanƙwashe ko aka sa ta a juye, a ba atamfa lamba 14, a bar 16 da 18 ga yadi mai kauri. Ya san a rataye ƙoshiya da zarenta a girgiza kaɗan, in ta ɗan zamo ta tsaya to lafiyarta lau. Yakan kuma gwada ɗinki da zare mai launi biyu don mai laifi ya bayyana. Duk wannan bai fi aikin minti biyar ba, ya kuma san in ya gama a minti biyar za a ce masa, "Haba Malam, wannan ɗan abin ne za a biya?" Saboda haka yakan fara da salati da dogon tsaki, ya tambayi wa ya taɓa keken, ya kwance abin da bai lalace ba ya jere a tabarma, ya aika a sayo masa kananzir, ya ci tuwo da kifin da aka kawo masa, sai can bayan la'asar ya ɗaga ƙafar keke, ya sake zura zaren sama, ya faɗi kuɗinsa.