Majigin da ba ya shiri da rana

Tun da aka fara gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022 zaurena ya koma gidan kallo, ba tare da an nemi izinina ba. Talabijin ɗina inci 32 ce, masu kallo kuwa cike da tabarma har bakin ƙofa, na baya suna mita wai ƙeyata ta tare musu raga. A gidana fa. Ana saura kwana biyu wasan ƙarshe na ce majigi zan sayo in haska a bango, kowa ya ga Messi da tsayinsa na gaskiya, wanda dama ba wani tsayi ba ne.

A Sabon Gari mai shago ya fara nuna mini wani ƙato irin na ɗakin lacca. Ya faɗi kuɗi, na ce Allah ya kawo mai rabo. Sai ya sassauta murya, ya jawo wani ɗan kwali daga ƙarƙashin kanta. "Alhaji, ga naka. Lumen 9,000 ne, wancan ƙaton ma 3,000 ne kacal." Haske ninki uku a kuɗin da bai kai rabi ba! Ya ja ni sito, ya turo ƙofa, ya kunna. Hoto tangaran. Na ɗauka rufe ƙofar don kada maƙwabta su ji rangwamen da ya yi mini ne.

Ran Lahadi 18 ga Disamba, ana idar da la'asar jama'a suka cika. Ƙarfe huɗu Ajantina da Faransa suka take leda, na danna. Fankar ciki ta kama kuka, mai sharhi yana ta zuba, bangon da na sha wahalar shafawa farar ƙasa yana nan fari fat. Wani dattijo ya gyara tabarau ya ce, "Maigida, hazo ake yi a can ma?"

Ɗan yayata da ke jami'a ya ɗauki kwalin yana jujjuyawa. "Kawu, ina aka rubuta ANSI?" Na ce wace Ansi? Ya ce lumen na gaskiya a jikin allo ake auna shi, a wurare tara, a fitar da matsakaici, shi ake rubuta wa ANSI, kuma 3,000 ɗin ƙaton nan irinsa ne. Nawa kuwa lambar da ta yi wa mai buga kwali daɗi ce, in an auna da ƙyar ya kai ɗari biyu. Haka 1080p da aka rubuta da jan fenti: majigin yana karɓar hoton mai kyau, amma 800 da 480 yake fitarwa. Ya ƙara da cewa tun da na ja shi can ƙurya don hoto ya cika bango, na ƙara kashe shi, domin in ka ninka nisa, hasken nan ɗaya ne zai bazu a fili ninki huɗu. Duk wannan karatu a gaban mutanen da nake wa limanci in liman ya yi tafiya.

Aka shiga yaƙi da rana. Bargo a taga, tabarma a ƙofa, sannan aka aika cikin gida aka kwaso zannuwan uwargida daga kan igiya. Zaure ya yi duhu kamar rumbu, gumi ya karyo wa kowa ana tsakiyar hunturu. Wasu inuwoyi suka bayyana a bango suna gudu. Ana cikin musun wace inuwa ce Messi, wani yaro ya zauna a kan rimot, hoto ya kife, ƙafafu sama. Haka muka ga ƙwallon Di Maria a minti na 36, ta tashi daga rufi ta faɗa rufi. Rubutun gyaran ma a kife yake, babu mai iya karantawa, sai na kifa majigin kansa a kan filo. Aka yi mini tafi.

Ƙwallaye biyun da Mbappe ya zura a minti na 80 da na 81, daga ihun teburin mai shayi muka fara sanin su, kafin inuwarmu ta tabbatar.

Sai da aka shiga ƙarin lokaci rana ta faɗi, hoto ya fito tas, har lambar riga ana gani. Ko minti biyu ba a yi ba ladan ya kira magariba. Aka dubi juna. Dattijon nan ya miƙe, dole kowa ya bi.

Muka dawo muka tarar ana uku da uku, za a je bugun fanareti. Mbappe ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, majigi ya yi ɗif. Ashe filon ya toshe ramukan da yake shaƙar iska, ya ɗau zafi ya kashe kansa. Kafin ya huce zaure ya watse, an koma wajen mai shayi, inda talabijin ba ta kai tawa ba.

Washegari na mayar wa mai shago. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Haba Alhaji, ai ba ka ce mini da rana za ka kalla ba." Kayan da aka saya ba a mayarwa, amma yana da labule mai kauri, zai yi mini sauƙi.