Yadda Tsohon Gwanin Kati Zai Ba da Tarihinsa Asirinsa a Rufe

Ɗan Hausawan Makka da ya tashi a unguwar Shisha a farkon shekarun 2000, da wuya a ce kuɗin tararsa bai ƙare a katin Pokémon da Yu-Gi-Oh ba. Yau ga furfura ta fara leƙowa, yaran gida kuma sun matsa da tambaya: "Kawu, wai da gaske kai ma ka buga?" Kada ka rikice. Ga yadda za ka fita kunya.

1. Fake da fatawa. A watan Maris na 2001 babban kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta Pokémon, saboda kamarsa da caca, da ra'ayin Darwin na rikiɗar halittu, da wasu alamomi da ke jikin katin. Wannan ce garkuwarka. Duk wanda ya ce ka nuna Charizard ɗin da kake cika baki da shi, ka sunkuyar da kai ka ce ka ƙona shi don bin maganar malamai. Ba sai ka faɗi cewa Umma ce ta ƙwace ba, kai kuwa ka yi fushi da abincin dare.

2. Haddace dokoki yanzu, tunda a lokacin ba ka san su ba. Kazuki Takahashi ya fara zana labarin Yu-Gi-Oh a 1996, kamfanin Konami ya fito da katin a 1999. A ƙa'ida ana shiga wasa da kati 40 aƙalla da maki 8000, kuma kati iri ɗaya ba ya wuce uku. A lungunku kuwa, doka tana bakin wanda ya fi murya. Bayanin da ke jikin katin da Turanci yake, yaro ɗaya ne ke iƙirarin yana jin sa, shi ya sa duk katin da ya ajiye fassararsa ɗaya ce: "Na cinye ka."

3. Kada ka yarda a tono asalin kayanka. Blue-Eyes White Dragon na gaskiya ƙarfinsa 3000 ne. Naka na shagon kayan arha na abu riyalen yana da ƙarin sifili biyu, tawadarsa kuma tana bin yatsa idan gumi ya taɓa ta. Exodia sai an haɗa sassansa biyar ake cin wasa da shi, kai kuwa ƙafar hagu kaɗai ka tara rututu, kansa ba ka taɓa gani ba. Idan an tambaya, ka ce bugu ne na musamman da aka yi wa ƙasashen Larabawa.

4. Ɗora wa lokacin Hajji alhakin ɓatansu. Shisha tana dab da Mina, kuma da Zulƙida ta kama, gidaje da dama ake kwashe kaya a ba alhazai haya. A irin wannan hidima ce kwalin takalmin da ke ɗauke da dukiyarka ya yi ɓatan dabo. Ka ce kana kyautata zaton ya bi jakar tsarabar wata Hajiya zuwa Sakkwato. Wa zai je ya bincika?

5. Iya ajiyar zuciya. A 2021 Logan Paul, ɗan Amurka, ya mallaki katin Pikachu Illustrator a kan sama da dala miliyan 5. Da an kawo zancen, ka girgiza kai ka ce, "Allah sarki, irinsa sak nake da shi." Sai ka yi maza ka zuba shayi, kafin wani ya tambayi yadda katin da aka raba wa zakarun gasar zane a Japan ya sauka a kantin bakin layinku.

6. Guji zama kusa da ƙanenka. A da can ka ba shi tarkace goma, ka karɓe nasa ɗaya mai ƙyalli, har ka ce taimakonsa ka yi. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba, balle yanzu shi ne mai motar da kake ara.

7. Faɗi ribar da murya sama, domin ita kaɗai ce gaskiya a duk tarihin nan. A musayar kati ka koyi kushe abin da kake so, da zuzuta abin da ka gaji da shi, da juya baya har a kira ka. Da ilimin nan kake sayar wa alhazai jallabiya da dabino a yau, su tafi suna sa maka albarka.

8. Koma balot. Kati 32 ne, mutum huɗu, biyu-biyu, kuma tun da aka shirya masa gasa a hukumance a Riyad a 2018 ya zama wasan manya. A can ma ihu ake yi, amma ba wanda zai ce ka girma da shi.

9. Komai zugar da za a yi maka, kada ka zauna da yaron zamani. Bayan tafiyarka an shigo da sabbin salon wasan Yu-Gi-Oh irin su Synchro da Xyz da Pendulum da Link, zai share ka tas kana kan gyara zama. Idan ya fito da katunansa ya ce, "Kawu, bismilla," ka dubi agogo ka ce salla ta gabato, za ka sabunta alwala. A Makka ba mai ja da wannan uzuri, kuma sau biyar yake aiki a rana.