Laimar Kwaɗi da Iyayi

Da damina laimar kwaɗi a kan juji take fitowa, ba wanda ya yi mata shara. Amma ka ce za ka noma irin wadda ake ci a gida, sai ta koma amaryar da ba ta shan ruwan randa.

Garin katakon da za ta ci, sai an ɗura shi a leda an turara cikin durom na sa'o'i. Dawar da ake renon irinta kuwa, turiri bai ishe ta ba, sai tukunyar matsi, zafi ya kai digiri 121, minti 90 tana huci. A goge hannu da sifirit, a ɗaura takunkumi, a kashe fanka, a rufe taga. Tari ma sai ka fita waje.

Duk wannan saboda wata koriyar funfuna ce, Trichoderma, wadda ƙwayoyinta ke yawo a iska, kuma ta fi laimar saurin ci. Zumuɗi ya sa ka buɗe leda ka leƙa, bayan 'yan kwanaki ka tarar da ita kore shar. Uwargida kuma tana bakin ƙofa tana tambayar yaushe za a dawo mata da tukunyarta, wake yana jira.