Rabe-raben Mahalarta Laccar Makon Al'adu a Manyan Makarantun Legas

Makon al'adu shi ne 'yan kwanakin da ɗaliban Arewa masu karatu a Kudu kan keɓe sau ɗaya a zangon karatu ko a shekara, domin su gayyato wani masani daga gida ya gabatar da lacca, su baje kolin tufafi da abinci da kiɗa, sannan su tara abin da ya sawwaƙa a asusun ƙungiyarsu. A Legas, makarantun da suka fi dacewa da irin wannan taro su ne Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda ta samo asali a 1947, da Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, wadda aka kafa a 1983. Da yake ɗaliban Arewa ba su da yawan da zai cika babban ɗakin taro, tilas ne masu shiryawa su nemi gudummawar jama'a daga unguwannin Hausawa, wato Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, kuma wannan haɗuwa ta 'yan boko da mutanen kasuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya ita ce ta haifar da nau'o'in mutanen da suka cancanci nazari.

Ba za a fahimci waɗannan nau'o'i ba sai an tuna cewa Hausawan Legas ba baƙin jiya ba ne. Tun a 1863 John Glover ya ɗebi Hausawa a Legas ya kafa rundunar tsaro da su, kuma bayan layin dogo ya isa Ibadan a 1901, ya haɗa Legas da Kano a 1912, Agege ta bunƙasa a matsayin zangon fataken goro, inda ake ɗaure huhu a loda a jirgi zuwa Arewa, shanu kuma su sauko Kudu. Saboda haka akwai gidaje a Agege da kakannin kakanninsu a nan aka binne su, ga sarautarsu ga makarantun allonsu ga mahautansu, kuma waɗannan mutane ne ake ɗauko wa baƙo daga nesa domin ya faɗa musu yadda ake riƙe al'ada.

Baƙo mai jawabi shi ne wanda aka kira taron dominsa, a rubuce ke nan, kuma jinsinsa na farko shi ne shehin malamin jami'a. Yakan sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja, wanda ke maƙwabtaka da Agege, amma ya wuce masauki kai tsaye ba tare da ya taka unguwar da zai yi magana a kanta ba. Maƙalar da ke cikin jakarsa, wato rubutaccen jawabin da zai karanta, kusan kullum takenta na ƙarewa da kalmomin ƙalubale da mafita, kuma galibi ta riga ta yi aiki a garuruwa biyu ko uku, ana sauya sunan gari kawai a shafin farko, abin da ya sa wani lokaci akan ji shi a tsakiyar karatu yana yaba wa jama'ar Sabon Zangon Ankara alhali yana tsaye a Akoka. Tsarinsa na tarihi ba ya canzawa. Yakan fara da zuwan Bayajidda Daura da rijiyar Kusugu, ya bi Hausa Bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya yada zango a Gobir, kuma yana isa jihadin 1804 sai shugaban taro ya turo masa 'yar takarda cewa saura minti biyar, ta yadda ba a taɓa samun tabbacin cewa maƙalar tana da babi a kan Legas ba. Idan ya yi sa'a ya tsallako Kwara, hujjarsa ita ce littafin Abner Cohen na 1969, wanda ya yi nazarin fataken goro da shanu na unguwar Sabo a Ibadan, sai ya shimfiɗa shi a kan Agege duk da tazarar fiye da kilomita 100 da shekaru sama da 50 da ke tsakani. Yakan karanta maƙalar da Turanci, sannan ya yi alkawarin taƙaita ta da Hausa saboda iyayenmu da ke wurin, kuma taƙaitawar ta fi karatun tsawo.

Jinsi na biyu shi ne tauraro, ko dai na finafinan Kano ko na TikTok. Shi ke cika ɗakin taro maƙil, jawabinsa bai cika wuce gaisuwa da kira ga matasa su dage da karatu ba, sauran lokacinsa kuma na masu ɗaukar hoto ne.

Babban baƙo na musamman nau'i ne da ake ganewa ta hanyar rashin ganinsa. Sunansa ne mafi girma a fosta, hotonsa ya danne na shehin malamin, an tanadar masa kujera mai hannu a tsakiyar babban tebur, amma abin da ke zuwa shi ne wakilinsa, ko kuma wakilin wakilinsa, wanda zai miƙe ya bayyana cewa mai girma ya so ƙwarai ya halarta da kansa, sai dai wani aiki na gaggawa ya taso a Abuja. Wakilin yakan karɓi lambar yabo a madadin maigidansa, ya riƙe ta sama don masu hoto, ya nemi izinin tafiya tun ba a fara laccar ba. Masu shirya taro sun san duk wannan tun ranar da suka kai wasiƙar gayyata, domin ba zuwan mutumin suke bukata ba, sunansa suke aro don jami'in da ke ba da ɗakin taro ya sa hannu da sauri.

Uban taro, wanda akan zaɓo daga masu sarautar Hausawa na unguwanni, shi kam yana zuwa, kuma ba a yi masa saurin da bai yi niyya ba. Isowarsa takan faɗo a tsakiyar lacca, da mai algaita a gaba da maroƙa a gefe da 'yan rakiya masu yawan da ya ninka kujerun da aka ware, sai kowa ya miƙe, mai jawabi ya tsaya a tsakiyar jimla, a shiga gaisuwa da “Allah ya ja zamanin Sarki” har zaren maganar ya ɓace. Ƙungiyar da ta yi gangancin gayyatar masu sarauta biyu daga unguwanni biyu takan gano cewa ilimin da ya fi wuya a ranar shi ne na jera kujeru, domin tazarar taku ɗaya tsakanin kujera da tsakiyar tebur na iya zama abin zance a fada har wata guda.

Wanda ke riƙe da ragamar wannan duka shi ne sanƙira, wato mai gabatar da shiri, kuma shi ne mutum mafi hazaƙa a ɗakin, ko da yake ba a faɗa. Yana juya harshe tsakanin Hausa da Yarabanci da Turanci ba tare da numfashi ba, ya san wanda ake ce wa “Ranka ya daɗe” da wanda ake ce wa “Allah ya gafarta Malam” da wanda “Yallaɓai” kaɗai ta ishe shi, ya kuma san cewa kuskure ɗaya a nan na iya rage wa asusu dubban nairori. Aibinsa shi ne yana gabatar da kowa, har direban wakilin babban baƙo, sannan bayan ya cinye sa'a guda yana kiran sunaye sai ya roƙi duk wanda ba a ambata ba ya yi haƙuri saboda ƙurewar lokaci.

A layin gaba, kusa da 'yan rakiyar sarki, akan sami dattijon zango, tsohon dillalin goro ko na shanu, wanda jikansa ne ya matsa masa ya zo. Wannan dattijo ba baƙon majalisin ilimi ba ne, domin Agege gari ne na karatu: a nan Markaz take, makarantar Larabci da addini da Shehu Adamu Abdullahi al-Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ta koma Agege, ban da tafsirin azumi da karatun zaure da ya halarta tun yana saurayi. Ma'auninsa na malami shi ne wanda ke zubo karatu da ka, don haka mutumin da ya kafa ido a takarda na tsawon sa'a, a ganinsa, mai jan baƙi ne, wato mai karanto nassi kafin malami ya fassara, kuma yakan zauna cikin haƙuri yana jiran malamin ya fito. Idan aka zo wurin da mai jawabi ke kukan cewa Hausawan Kurmi sun yi watsi da al'adunsu, dattijon yakan ɓare goro ya miƙa wa na kusa da shi, bai ce uffan ba. Shi kaɗai ne a ɗakin ya san a wace shekara aka daina loda goro a jirgin ƙasa aka koma manyan motoci, da dalilin hakan, kuma ba a taɓa sa sunansa cikin jerin masu magana ba, abin da ya isa a kira shi babbar asarar makon al'adu.

Lokacin tambayoyi yana da mutanensa. Fitacce a cikinsu shi ne wanda ke karɓar makirufo ya ce tasa ba tambaya ba ce, ɗan tsokaci ne, sannan ya gabatar da cikakkiyar lacca ta biyu wadda ba ta da alaƙa da ta farko, har sai sanƙira ya matso ya dafa kafaɗarsa. Akwai mai tambayar da ya san amsarta, wanda burinsa a san ya karanta littafin Mahdi Adamu na 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. Akwai kuma ɗalibin da aka haifa a Agege, wanda Hausarsa ke ɗauke da karin Yarabanci da ɓurɓushin Turancin buroka, sai sababbin zuwa daga Katsina da Sakkwato su riƙa ƙyaftawa juna ido suna murmushi, sun manta cewa shi ne ya shawo kan mai gadi da mai hayar kujeru da mai kula da ɗakin taro cikin harshensu, kuma ba don shi ba da a gindin bishiya aka yi laccar.

Ɓangaren baje koli na ɗan ado ne. Wannan ɗalibi ne da ya shekara cikin wandon jins, amma ranar taro sai ya bayyana cikin babbar rigar aro da ta fi ƙarfin kafaɗarsa, ko ya yi shigar makiyayi da malfa da sanda da gora alhali bai taɓa kora ko akuya ba. 'Yan mata kan jera ƙore da faifai da ludayi a tebur, kayan da yawancinsu ba su gani a ɗakin girkin iyayensu ba, sai ɗaliban Yarabawa da na Ibo su zagaya su duba, su sayi kilishi da waina da kunun aya, su tafi da yaƙinin cewa Bahaushe na kwana da takobi ya tashi da ƙwarya. Mai babban buri a cikin 'yan ado yakan so a yi hawan daba, duk da cewa ko bikin FESTAC na 1977, da Legas ta karɓi baƙuncinsa, a Kaduna ya yi nasa hawan, saboda haka abin da ake samu a ƙarshe shi ne doki ɗaya na haya daga bakin teku, wanda ya saba ɗaukar yara masu yawon buɗe ido, kuma ƙarar kalangun mahautan Oko-Oba takan firgita shi ya nufi wurin ajiye motoci.

Daga nan sai a zo ga ainihin maƙasudin taro, wato kafa gidauniya. Mai ƙaddamarwa, wanda yawanci ɗan canji ne ko babban dillali, yakan miƙe bayan sanƙira ya wasa shi, ya ambaci adadin da zai sa ɗaki ya ɗauki kabbara da tafi, ya ce a same shi a ofis ranar Litinin, kuma ma'ajin ƙungiya kan ƙarasa karatunsa yana neman wannan Litinin. Kishiyarsa ita ce Hajiya mai tuwo, wadda ɗalibai ke ci bashi a wurinta duk shekara. Ba a gayyace ta babban tebur ba, amma takan kwance bakin zane ta miƙa abin da ya samu nan take, ta ce “Ga wannan, 'ya'yana, ba yawa,” kuma da kuɗinta ake biyan mai janareta, mutumin da ikonsa ya fi na shugaban taro, tunda shi ke yanke lokacin da lacca za ta ƙare.

Mai zuwa a makare bai cancanci dogon bayani ba, domin shi ne mafi rinjaye. Uzurinsa gosulon Oshodi ne, kuma buɗe jirgin ƙasa na cikin gari da ke bi ta Agege zuwa Yaba a 2024 bai raunana wannan uzuri ko kaɗan ba. Abin lura game da shi kawai shi ne bai taɓa makarar rabon abinci ba.

Na ƙarshe a fita shi ne sakataren ƙungiya, wanda ya rubuta takardar bayan taro tun daren jiya, ya zayyana a ciki cewa mahalarta sun tafka muhawara mai ma'ana sun kuma yi kira ga gwamnati da iyaye da masu hannu da shuni. Shi ke ƙirga kujeru ya biya kuɗin waɗanda suka karye, ya raka shehin malamin filin jirgi, ya saurari ƙorafinsa a kan masauki, sannan ya koma ya ji na mai doki. A ƙarshen shekara yakan miƙa wa magajinsa fayil ɗauke da jerin alkawuran da ba a cika ba, da kwafin wasiƙar gayyatar babban baƙo na musamman, wadda kwanan wata kaɗai ake bukatar a sauya mata.