Wuƙar Daji a Hannun Ɗan Birni

Tun da fim ɗin Rambo na farko ya fito a 1982 samarin birni suka kamu da son wuƙa mai haƙoran zarto a gadon baya, mariƙinta rami ne da aka cusa wa ashana da allura da ƙugiyar kamun kifi. Ƙugiya fa, ga mutumin da iyakar dajinsa bayan tashar mota!

Ramin nan shi ne ajalinta. Ka sari busasshiyar ƙirya da ita, ruwan wuƙa ya yi gabas, mariƙi ya yi yamma. Ta ƙwarai ita ce wadda ƙarfenta ya zarce har gindin mariƙi, nauyinta ya rinjaya gaba, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Haka kukri ta sojojin Gurkha na Nepal take, ta ranƙwafa kamar tsohuwa mai neman allura. Maƙeranmu kuwa da tsohon sifirin mota suke ƙera tasu. Tana tsatsa in an bar ta a jiƙe, amma ko dutsen bakin rafi ya ishe ta wasawa. Ta kanti mai arha da sheƙi ba ta tsatsa, ba ta kuma yanka.

Kube a nemi na fata mai kauri, kada a tsuguna a tashi da labari.

Sai kuma shingen 'yan sanda, inda "ranka ya daɗe, ta tsira a daji ce" ba ta cika gamsar da kowa ba. Shi ya sa yawancin wuƙaƙen nan ke ƙarewa a kicin, uwargida na datsa ƙashin ragon layya.